The Exorcist: martanin masu sharhi da masu kallo

The Exorcist fim ne na ban tsoro na ƙasar Amurka wanda William Friedkin ya ba da umarni, kamfanin Warner Bros. ya sake shi ranar 26 ga Disamba, 1973. William Peter Blatty ne ya rubuta shi daga littafinsa mai wannan suna na shekarar 1971. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 12 da shaiɗani ya shige ta, likitoci suka gaza, har wasu limaman Cocin Katolika biyu suka shiga ɗakinta don su fitar da shi. An kashe kimanin dala miliyan 12 wajen yin sa, ya kuma tara sama da dala miliyan 400 idan aka haɗa da lokutan da aka sake fitar da shi. Shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a gasar Oscar. An zaɓe shi a rukuni 10, ya ci 2, na rubutu da na sauti.

Muhawara a kansa ta sake tashi a 2023, shekarar da Friedkin ya rasu kuma aka fitar da sabon ci gaban labarin, The Exorcist: Believer. Cikin shekara 50, a ƙasashe da addinai daban-daban, gardamar takan koma kan tambaya guda: tsakanin shaiɗanin da addu'ar da aka yi masa, wanne fim ɗin ya nuna ya fi ƙarfi?

Labarin a taƙaice

Fim ɗin yana buɗewa ne da sautin kiran sallah. Wurin farko da ake gani shi ne kufan tsohon birnin Hatra a arewacin Iraƙi, inda wani dattijon limami, Fada Merrin, yake aikin tonon kayan tarihi, ya yi ido biyu da gunkin Pazuzu, wani shaiɗani na mutanen wannan yanki na da. Daga nan labari ya koma unguwar Georgetown a birnin Washington, gidan wata 'yar fim mai suna Chris MacNeil da 'yarta Regan. Ellen Burstyn ce ta fito a matsayin uwar, Linda Blair a matsayin 'yar.

Halin Regan ya fara sauyawa, ta koma zagi da batsa, gadonta yana girgiza, muryarta ta zama ta wani. Kaso mai yawa na fim ɗin a asibiti yake, ana gwaji bayan gwaji ba a ga komai ba. Likitocin ne da kansu suka ba uwar shawarar ta nemi mai korar shaiɗanu, wai ko imanin yarinyar da abin zai warkar da ita. Ta je wurin Fada Karras, limami kuma likitan ƙwaƙwalwa, wanda shi kansa imaninsa ya yi rauni bayan mutuwar mahaifiyarsa. Merrin ya zo ya jagoranci addu'ar, amma zuciyarsa ta buga ya mutu kafin a gama. Karras ya fusata, ya ce wa shaiɗanin ya bar yarinyar ya shige shi, sannan ya faɗo ta taga ya gangara wata doguwar matakala ya mutu. Regan ta warke.

Blatty ya samo tushen labarin ne daga wani lamari na 1949, na wani yaro da limaman ɗarikar Jesuit suka yi wa irin wannan addu'a a birnin St. Louis. Ya ji labarin yana ɗalibi a Jami'ar Georgetown.

A gidajen sinima

An fara nuna shi a 'yan tsirarun gidajen sinima, domin kamfanin bai yi tsammanin zai yi kasuwa sosai ba. Sai ga mutane suna bin dogayen layuka cikin tsananin sanyin hunturu, wasu suna dawowa kallo na biyu da na uku. Jaridu da gidajen talabijin suka cika da labaran masu suma, masu amai, da masu fita da gudu fim bai kai rabi ba. Babu shakka waɗannan labaran sun zama talla kyauta, kuma wanda ya shiga yana jiran ya suma ya fi saurin suma.

Wani abin lura shi ne wurin da aka fi ruwaito mutane suna faɗuwa. Fitowar asibiti ce, inda ake soka wa yarinyar allura a jijiyar wuya don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta, jini yana tsartuwa. An ɗauki wannan fitowar ne a wani asibitin jami'a a New York tare da ma'aikatan lafiya na gaske, kuma babu aljani ko ɗaya a cikinta.

A 1975 wani likitan ƙwaƙwalwa, James Bozzuto, ya wallafa rahoton mutum 4 da suka zo asibiti da rashin barci, firgita da ruɗani bayan kallon fim ɗin. Adadin kaɗan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da suka kalla, amma rahoton ya ƙarfafa masu cewa kallon da kansa cuta ne.

Masu sharhi

Kan masu sharhi ya rabu gida biyu. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya ba shi cikakken maki, tauraro 4, amma ya yi mamakin yadda hukumar tantancewa ta ba shi matakin R, wanda ke barin yara su shiga tare da babba, maimakon X. Stanley Kauffmann na mujallar The New Republic ya ce ya yi shekaru bai ga fim mai tsoratarwa kamarsa ba. Vincent Canby na New York Times kuwa ya ɗauke shi shirmen tsafi da aka yi wa kwalliya da kuɗi. Pauline Kael ta mujallar The New Yorker ta fi kowa zafi: a ganinta talla ce babba aka yi wa Cocin Katolika, kuma fim ɗin bai damu da azabar yarinyar ba sai don ya girgiza mai kallo. Jon Landau na Rolling Stone ya kira shi batsa da aka sa wa rigar addini.

Sukar Kael tana da inda ta kama. Da zarar shaiɗanin ya shiga, Regan ta daina zama mutum a labarin, ta zama filin da maza biyu suke gwada imaninsu. Inda sukar ta yi rauni shi ne batun talla, domin tallar da limami ɗaya ya mutu da bugun zuciya, ɗayan ya faɗo ta taga, ba ta cika jawo masu neman shiga aikin ba.

Wannan ƙarshen ne ya fi damun Blatty, wanda Katolika ne mai riƙo. Ya lura masu kallo da yawa sun fita suna ganin shaiɗanin ne ya yi nasara, shi ya jefo Karras ta taga. Shi kuwa nufinsa Karras ya sadaukar da ransa ne don ya ceci yarinyar. Ya daɗe yana jayayya da Friedkin kan wasu fitowa da aka yanke, musamman hirar limaman biyu a kan matakala, inda Merrin yake bayanin cewa manufar shaiɗanin ita ce ya sa waɗanda ke kewaye da yarinyar su yanke ƙauna, su ga ɗan Adam kamar dabba. Sai a shekarar 2000 aka mayar da wannan fitowar, tare da wani ƙarshe mai ɗan sanyaya zuciya, a sabon zubin da ya ƙaru da kimanin minti 10. Wasu masu sharhi sun ce zubin farko ya fi ƙarfi saboda bai yi wa kowa bayani ba.

Coci da hukumomi

Cocin Katolika bai yi magana da murya ɗaya ba. Limaman Jesuit sun ba da shawara wajen yin fim ɗin, biyu daga cikinsu, William O'Malley da Thomas Bermingham, har sun fito a ciki. Ofishin fina-finai na cocin a Amurka ya sa shi a rukunin da ya halatta ga manya amma da gargaɗi. Daga ɓangaren Furotesta, fitaccen mai wa'azi Billy Graham ya soke shi. Shekaru bayan haka, Fada Gabriele Amorth, shahararren mai korar shaiɗanu na birnin Rum wanda ya rasu a 2016, ya ce shi ne fim ɗin da ya fi so, ko da yake an zuzuta wasu abubuwa. Friedkin ya ɗauki ɗaya daga cikin zamansa na addu'a ya fitar a fim ɗin gaskiya a 2017.

A Washington hukumomi sun hana 'yan ƙasa da shekara 17 shiga, ko da tare da iyayensu. A Birtaniya an sake shi a 1974, ƙungiyoyin Kirista suka yi zanga-zanga a ƙofar sinimomi, wasu ƙananan hukumomi suka hana nuna shi, sai 'yan kasuwa suka fara kwasar mutane a bas zuwa garin da bai hana ba. An janye kaset ɗinsa daga kasuwar ƙasar a 1988, ba a sake ba shi izinin kallon gida ba sai 1999. Tunisiya ta hana shi a 1975 da wata hujja dabam, cewa farfaganda ce ta Kiristanci. Wato abin da wasu Kiristoci suka ga cin mutuncin addininsu ne, wata ƙasar Musulmi ta ga yaɗa addinin ne.

Akwai kuma lamarin da ya wuce muhawarar jarida. A 1976 wata ɗalibar jami'a a Jamus, Anneliese Michel, wadda likitoci suka ce tana da farfaɗiya da taɓin hankali, ta mutu da yunwa da ƙishirwa bayan zama 67 na korar shaiɗanu cikin kimanin wata 10. A 1978 kotu ta samu iyayenta da limamai biyu da laifin sakacin da ya jawo mutuwa. Lokacin da Fadar Vatican ta sabunta littafin wannan addu'a a 1999, karon farko da aka yi masa cikakken gyara tun 1614, ta jaddada cewa a fara bambance ciwo da shafar shaiɗan, a nemi ra'ayin likitoci idan da buƙata.

Afirka a fina-finan da suka biyo baya

Baƙaƙen fatar Amurka sun kalli fim ɗin da yawan da kamfanin bai zata ba, kuma nan da nan aka yi musu nasu. A fim ɗin Abby na 1974, wani limami mai binciken kayan tarihi ya buɗe wani abu a wani kogo a Najeriya, ruhun da ya fito aka kira shi Eshu, sunan da aka aro daga addinin gargajiyar Yarabawa. Warner Bros. ta kai ƙara kan satar fasaha, aka janye shi. Ci gaban farko na kamfanin, Exorcist II: The Heretic na 1977, ya kai labarin Afirka da fari masu cin amfanin gona da wani mutum mai suna Kokumo. Masu kallo dariya suka riƙa yi masa, kuma ana yawan lissafa shi cikin mafi munin ci gaban da aka taɓa yi wa babban fim.

The Exorcist: Believer

A Yulin 2021 kamfanin Universal da dandalinsa na Peacock suka biya kimanin dala miliyan 400 don yin sababbin fina-finai 3. Na farko, wanda David Gordon Green ya ba da umarni, ya fito ranar 6 ga Oktoba, 2023, wata biyu bayan rasuwar Friedkin. A wannan karon 'yan mata biyu ne shaiɗani ya shiga, Ellen Burstyn kuma ta dawo a matsayin Chris MacNeil.

Sabon abin da aka kawo shi ne addu'ar taron dangi. Shugabannin cocin Katolika sun ƙi ba da izini, sai fasto na Baptist, mai wa'azin Pentikostal, wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa niyyar zama sista, da wata mai maganin gargajiya na baƙaƙen fatar Amurka suka haɗu a ɗaki ɗaya. Limamin Katolika ya shigo a makare, shaiɗanin ya karya masa wuya. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta mutu.

Masu sharhi sun yi masa ca. A shafin Rotten Tomatoes kashi 22 cikin 100 kacal ne suka yaba, masu kallo a daren farko kuma suka ba shi makin C a ƙididdigar CinemaScore. An soki yadda aka dawo da Burstyn sannan aka makantar da ita aka ajiye ta a gadon asibiti. An kuma soki addu'ar da ta so ta gamsar da kowa: tunda duk addinan daidai suke a ɗakin, babu wanda imaninsa ke cikin haɗari kamar yadda na Karras ya kasance. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 137 a kan miliyan 30 da aka kashe, riba ce a kan kuɗin yin sa, amma ba a kan miliyan 400 ba. Green ya bar aikin a Janairun 2024, aka cire ci gaban da aka tsara wa Afrilun 2025, aka miƙa wa Mike Flanagan ya sake sabon lale. Ba a ji labarin suma ba, ba a ji wata zanga-zanga ta a-zo-a-gani ba.

A ƙasashen Musulmi

Ƙasashen Musulmi sun gina nasu irin wannan fim a kan aljanu da ruƙiyya. A Turkiyya akwai jerin Dabbe da aka fara a 2006 da Siccin da aka fara a 2014. A Malesiya, Munafik na Syamsul Yusof, wanda ya fito a 2016, labarin wani malamin ruƙiyya ne da zuciyarsa ta yi rauni bayan mutuwar matarsa, kusan irin halin Karras. Kashi na biyu a 2018 ya zama fim ɗin gida da ya fi kowanne kawo kuɗi a ƙasar a lokacin.

Inda aka samu rikici shi ne Indonesiya a Maris 2024, cikin azumi, kan fim ɗin Kiblat. Fostarsa ta nuna mace cikin kayan sallah kamar tana ruku'u, fuskarta a juye sama tana ihu. Cholil Nafis na Majalisar Malaman Indonesiya ya yi tir da ita, wasu kuma suka ce irin waɗannan fina-finai suna sa mutane tsoron tashi sallar dare. Kamfanin Leo Pictures ya nemi afuwa, ya janye fostar, ya sauya sunan zuwa Thaghut. Babu wanda ya yi gardamar ko akwai aljanu. Ƙorafin shi ne an nuna aljani yana cin galaba a kan mai sallah, wanda shi ne damuwar Blatty a wata riga.

A ƙasar Hausa

Mai kallo Bahaushe yana zuwa wa irin wannan fim da abin da yawancin masu sharhin New York ba su da shi, wato sanin abin a rayuwar yau da kullum. Akwai bori da iskokinsa tun kafin zuwan sinima, akwai kuma ruƙiyya da Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi. Mafi yawan malaman Sunna, ciki har da Ibn Taimiyya, sun tafi a kan cewa aljani yana iya shiga jikin mutum, wasu daga cikin Mu'utazilawa suka musanta.

Bambancin aƙida yana sauya yadda ake karanta ƙarshen fim ɗin. A koyarwar Katolika shaiɗanu mala'iku ne da suka faɗi, ba su da tuba, sai dai a kore su. A Musulunci aljanu halitta ce dabam, akwai muminai da kafirai a cikinsu, shi ya sa a zaman ruƙiyya akan tambayi aljani sunansa da dalilin shigarsa, a yi masa wa'azi, wani lokaci a kira shi zuwa Musulunci kafin ya fita. Malamin da zai ce wa aljani ya shige shi sannan ya kashe kansa ba gwarzo ba ne a wannan ma'auni. Fina-finan Hausa da suka taɓo boka da aljani galibi sukan rufe da nasarar addu'a, kamar yadda Living in Bondage na 1992 a kudancin Najeriya ya rufe da ceto a coci. Tun 2001 kuma fim ɗin da za a sayar a Kano sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar.

Zargin cewa fim ƙofa ce ta shigar aljanu shi ma ba baƙo ba ne. A ƙarshen 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare a Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu, wasu suna rawar da aka kwatanta da ta fina-finan Indiya. Masu bincike Conerly Casey da Susan O'Brien sun yi rubutu a kan lamarin, inda sunan aljana Sumbuka ya yi tashe, malaman ruƙiyya kuma suka samu karɓuwar da ba su da ita a da. A Amurka an zargi fim ɗin tsoro da jawo firgita, a Kano an ɗora laifin a kan fim ɗin soyayya da rawa.

A yau fina-finan waje suna isa garuruwa irin su Haɗejiya, Kirikasamma, Guri da Birniwa ta wayar hannu, shagunan tura fina-finai da gidajen kallo, hanyar da babu matakin shekaru ko mai duba tikiti a kanta. Darasin da rabin farko na The Exorcist yake koyarwa, cewa likita zai gaza kuma malamin addini ne mafita, an gina shi ne a kan iyalin da suka gama zagaye manyan asibitoci kafin su nemi limami. A yawancin karkarar arewa jerin a juye yake: mai farfaɗiya, ko matar da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, sukan fara ne daga malami ko mai magani, asibiti ya zo daga baya idan ya zo. Tun 2007 likitoci sun gano wani nau'in kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya fi kama 'yan mata, yana kawo sauyin hali, fizge-fizge da maganganu marasa kan gado, kuma yana jin magani idan an gano shi da wuri. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa yana Kazaure ne, can ɗaya gefen jihar daga fadamar Haɗejiya.